Yadda Za Ka Zaɓi Tsirkiyar Bayolin Mai Murya Mai Taushi da Gardi

Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai goge ya san daɗin murya ba a hannu kaɗai yake ba. Izgar da aka ɗaura, ƙaron da aka shafa mata, da inda aka dasa jaki a kan fata, kowanne da kasonsa. Haka abin yake ga bayolin, gogen Turawa mai tsirkiya huɗu, wanda a Sudan ake kira kamanja. Ƙorafin da na fi ji daga bakin masu koyo shi ne: "Malam, nawa tsaga kunne yake yi, kamar ana kankare tukunya." Abin da suke nema shi ne muryar da Turawa kan ce tana da ɗumi, mu kuwa sai mu ce tana da kauri da taushi da gardi, irin wadda za ka saurara tsawon dare ba ka gaji ba.

Tsirkiya tana iya kai ka can, amma ka san iyakarta tun da wuri. Ba ta ƙirƙira wa bayolin muryar da ba shi da ita. Aikinta ta rage abin da ya yi yawa, ta fito da abin da ya ɓuya. Shi ya sa tsirkiyar da ta yi zaƙi a hannun abokinka za ta iya dushewa a naka.

Ga abin da ke faruwa a cikin amon. Tsirkiyoyi huɗun da haruffa ake kiransu, G, D, A, E, daga mafi kauri zuwa mafi siranta. Idan ka ja baka a kan tsirkiyar A, tana kaɗawa sau 440 a sakan ɗaya. Amma ba wannan kaɗai kake ji ba. A bisansa akwai wasu ƙananan amo a 880, da 1320, da 1760, har can sama, kunne ne yake haɗa su ya ji kamar abu guda. In na ƙasa suka fi ƙarfi, murya ta yi kauri. In na can sama suka rinjaya, ta yi kaifi. Kuma kaifin nan ba abokin gaba ba ne, shi ne yake ɗaukar murya ya kai ta ƙarshen zaure. In ka kashe shi gaba ɗaya, bayolin zai koma kamar mai mura. Rage shi za mu yi, ba kawar da shi ba.

Mataki na farko: kafin ka kashe ko kwabo

Ɗauki bayolin ɗinka ka ja kowace tsirkiya ita kaɗai, G, D, A, E, a hankali, daga gindin baka har bakinsa. Ka ɗauki sautin a waya, ka ajiye wayar kamar taku huɗu daga inda kake, don abin da kake ji a ƙarƙashin kunnenka ya sha bamban da abin da mai sauraro yake ji. In kana da wanda ya iya, ba shi ya kaɗa, kai kuma ka koma bakin ƙofa ka saurara. Tambayar da za ka amsa ita ce: kaifin a ko'ina yake, ko a tsirkiya ɗaya ko biyu? Sau da yawa za ka tarar G da D lafiya lau suke, A da E ne masu tsiwa. In haka ne, ba ka bukatar sayen huɗu.

Sannan ka tuna yaushe rabon da a canza tsirkiyoyin. Mai kaɗawa kullum yakan canza bayan wata uku zuwa shida, mai taɓawa jefi-jefi yana iya kaiwa shekara. Tsohuwar tsirkiya takan rasa gardinta a hankali har mutum bai lura ba, ta ƙi zama daidai a saiti. Duba kuma ko ƙaro ya daskare a kanta ya yi fari. Wannan kaɗai yana sa ƙarar kankara, kuma busasshen ƙyalle mai laushi ya ishe shi.

Akwai wata ɗalibata da ta canza tsirkiya har sau biyu a hunturu guda, tana cewa muryar ta sirance kuma tana zuza. Da na karɓa, na bi gefen bayolin ina ƙwanƙwasawa a hankali da gaɓar yatsa. Ko'ina amon a cike yake, sai da na zo kusa da inda haɓa take zama, na ji "ƙyas-ƙyas" kamar fanko. Manne ya saki, katakon sama ya rabu da na gefe, tsagar ba ta wuce kaurin farce ba. Da aka manne, muryar ta dawo da tsoffin tsirkiyoyin da ta cire. Irin wannan ba aikin gida ba ne, kuma don Allah kada ka kusanto da gam mai kamawa nan take. Masu ƙera bayolin da gam ɗin fata suke aiki, wanda yakan saki kafin katako ya tsage, kuma ana iya buɗe shi a sake mannewa.

Leƙa ta tsagar da ke gefen tsirkiyar E, za ka hango wani ɗan ginshiƙin katako a tsaye a ciki, dab da bayan ƙafar jaki. Faransawa da Italiyawa "rai" suke kiransa a harsunansu, kuma sunan ya dace. In ya gusa ko da milimita ɗaya, murya ta canza. Mai gyaran da ya san aikinsa yana iya sassauta kaifin bayolin ta hanyar matsar da shi kaɗai. In kana da irin wannan mutum kusa, fara da shi.

Mataki na biyu: ɓargon tsirkiya

Kowace tsirkiya, in ka cire yawancin na E, tana da ɓargo a ciki da siririn ƙarfe da aka naɗe a kansa. Ɓargon ne ya fi yanke hukunci a kan murya, kuma iri uku ne.

Na asali shi ne hanjin tumaki, wanda aka wanke, aka murɗa, aka busar. Da shi aka kaɗa bayolin ɗaruruwan shekaru, tun zamanin mashahuran masu ƙera bayolin Amati da Stradivari a Kiremona ta Italiya, kuma har yau babu abin da ya kamo shi wajen gardi. Muryarsa tana da launi-launi, kana ƙara nauyin baka tana sauya kama. Jascha Heifetz, wanda ake sawa a sahun gaba na makaɗan ƙarni na 20, bai rabu da hanji zalla a tsirkiyoyin D da A ba, ko da wasu suka koma ƙarfe. Kamfanin Pirastro na garin Offenbach a Jamus, wanda tarihinsa ya faro daga 1798, shi ne ya fi suna a nan, da tsirkiyoyinsa irin su Eudoxa mai taushi da duhun murya, Oliv mai ƙarfi da cika, sai Passione da aka sarrafa don ta fi jure sauyin yanayi. Matsalar hanji ita ce yana shan raɓar iska yana fitarwa, saiti ya riƙa gocewa, wani lokaci a tsakiyar kiɗa. Ga tsada, ga saurin ƙarewa.

Na biyu ƙarfe ne. Yana da arha, yana daɗewa, yana zama a saiti, zafi da sanyi ba su cika damunsa ba. Shi ne yake zuwa a kan yawancin bayolin masu sauƙin kuɗi, kuma shi ne tushen tsaga kunnen da ake kuka da shi, musamman irin mai sandar ƙarfe guda a ciki. In dole sai ƙarfe, nemi wanda aka tufka ɓargonsa da siraran wayoyi kamar igiya, irin Helicore na kamfanin D'Addario na Amurka. Ya fi laushi a yatsa da kunne.

Na uku shi ne zaren roba dangin nailan, kuma nan nake tura kusan duk wanda ya tambaye ni. A 1970 kamfanin Thomastik-Infeld na birnin Biyana a Ostiriya ya fito da Dominant, mai ɓargon nailan da suke kira Perlon. Ta kusanci muryar hanji, ba ta kuma da rigimarsa. Manyan makaɗa irin su Itzhak Perlman da Pinchas Zukerman suka ɗauke ta, daga nan ta zama ma'aunin da ake gwada sauran da shi. In ƙarfe ne a kan bayolin ɗinka yanzu, komawa kowace tsirkiyar roba ta kirki zai ba ka fiye da rabin abin da kake nema.

Mataki na uku: sunayen da za ka nema

Ka ɗauki Dominant a matsayin tsakiyar hanya. In ba ka san halin bayolin ɗinka ba, sa ta, ka zauna da ita wata guda. Daga nan za ka gane ko taushi kake son ƙarawa ko haske.

A ɓangaren taushi, wadda aka fi ambata ita ce Obligato ta Pirastro. Muryarta tana da duhu da cika, ita ce a ganina ta fi kusa da Eudoxa a cikin na roba. Tana gyara bayolin mai tsiwa ƙwarai, amma in naka dama can mai duhun murya ne, za ta iya binne shi. Violino, ita ma ta Pirastro, ta fi sauƙin kuɗi da laushi, ta dace da sabon bayolin na ɗalibi wanda katakonsa bai gama sakewa ba, sai dai ba ta da ƙarfin cika babban zaure. Pro-Arté ta D'Addario ita ce zan ce wa mai ƙaramin aljihu ya fara da ita: ba ta da launuka da yawa, amma tana kwantar da ƙara. Zyex, daga kamfani ɗaya, tana da kauri da ƙarfi, kuma ta shahara da rashin damuwa da sauyin iska. Akwai Kaplan Amo, akwai Infeld Red ta Thomastik wadda aka yi ta musamman ta zama mai taushi a gefen 'yar'uwarta Infeld Blue mai haske, har ana iya gauraya su. Daga Denmak akwai Larsen Tzigane, mai zaƙi da laushin taɓawa. Daga Silobakiya kuma Warchal suna da Karneol da Amber, dukansu masu gardi ne kuma kuɗinsu bai kai na Obligato ba.

Waɗanda za ka yi hattara da su in kaifi ne damuwarka: Evah Pirazzi ta asali mai koriyar takarda, da Infeld Blue, da Kaplan Vivo, da Warchal Brilliant. Tsirkiyoyi ne na ƙwarai, amma don haske da ƙarfi aka yi su. Na sha ganin mutum ya sayi Evah Pirazzi don ya ji manya suna amfani da ita, ya ɗora a kan bayolin da dama yake ihu, ya dawo yana cizon yatsa.

Mataki na huɗu: tsirkiyar E, ƙarama mai babban tasiri

Nan ne na fi so ka tsaya, don nan ne gwaji ya fi arha. E kusan kullum ƙarfe ce, ko da sauran ukun hanji ne. Tun wajen Yaƙin Duniya na Ɗaya makaɗa suka riƙa barin E ta hanji saboda yawan tsinkewa. Tsirkiyoyi huɗun nan a haɗe suna jan bayolin da ƙarfin da ya haura kilo 20, kuma E ita kaɗai tana ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ƙafar jakin da take takawa ita ce ke kusa da ginshiƙin ciki. Saboda haka in ka canza E, ba muryarta kaɗai ke canzawa ba, har G da D sai ka ji sun sake hali.

Iri-iri ne. Akwai ƙarfe tsirara ko mai rufin kuza, irin Goldbrokat ta Jamus da Pirastro Gold da Hill. Goldbrokat tana cikin mafi arha a duniya, kuma ita Heifetz yake sawa. Tana zuwa da kauri daban-daban, 0.26 na milimita shi ne matsakaici, 0.27 ya fi cika. Akwai mai ruwan zinariya, irin ta Oliv da ta Obligato, mai zaƙi da ƙyalli, sai dai tana da halin yin fito: ka tsallako daga A zuwa E a buɗe, maimakon amo ka ji siririn "fiii". Ruwan zinariyar kuma yana gogewa da wuri a hannun mai gumi. Sai kuma E mai naɗi, wadda aka lulluɓe da siririn alminiyum ko wani ƙarfe. Ita ce mafi taushi, kuma ba ta cika fito ba, shi ya sa D'Addario suke da wata Kaplan da suka yi don wannan matsala. Warchal kuma sun bi wata hanya a E ta Amber: tana zuwa da ɗan murɗi kamar sifirin a wajen da baka ke taɓawa, yana miƙewa in an ja ta.

Shawarata, sayi E iri biyu ko uku, ka gwada kowace kwana uku ba tare da ka taɓa sauran ba. Mutane da yawa masu Dominant ba sa amfani da E ɗinta, sukan haɗa da Pirastro Gold ko Jargar mai kauri ko Goldbrokat. Kafin ka biya, duba ɗan sukurun saitin E ɗinka, wanda ake maƙala ƙarshen tsirkiyar a kansa a bayan jaki: mai ƙugiya ɗaya yana son tsirkiya mai zobe a ƙarshe, mai baki biyu yana son mai ƙwallo.

Kauri da naɗi

A jikin takarda za ka ga an rubuta ko siririya ce, ko matsakaiciya, ko mai kauri. Kamfanonin Jamus da Ostiriya sukan rubuta weich, mittel, stark. A cikin iri ɗaya, mai kauri ta fi cika da ƙarfi amma tana jinkirin amsa baka, siririya tana amsawa da sauri amma muryarta ba ta kai ba. Kada wannan ya ruɗe ka ka ce to bari in ɗauki mai kauri. Ja in ya yi yawa yana shaƙe wasu bayolin, musamman tsofaffi masu siririn katako, sai murya ta ƙi fita. Fara da matsakaiciya.

Naɗin G yawanci azurfa ne, na A alminiyum, D kuwa ana samun duka biyun. D mai azurfa ta fi siranta a yatsa, mai alminiyum ta fi kauri da faɗin murya, kuma wanda ya fi daɗi ya danganta da bayolin. Abu ɗaya tabbatacce: gumin wasu mutane yana cin alminiyum. In ka ga A ɗinka tana baƙi tana warwarewa a inda yatsu ke yawan sauka, nemi mai naɗin ƙarfe mara tsatsa.

Iskarmu da kasuwarmu

Yawancin shawarwarin da ke yawo a intanet daga ƙasashe masu sanyi suke, inda ake iya riƙe danshin ɗaki tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, wanda shi ne katakon bayolin yake so. A Kano ko Zinder ko Jos, hunturu yana saukar da shi ƙasa da kashi 20, damina kuma ta cilla shi sama. Ko makaɗin da ke Legas, kusa da cibiyar kaɗe-kaɗe ta MUSON a Onikan, ba iska ɗaya kuke shaƙa ba. A busasshiyar iska ɓargon hanji yana tsukewa, naɗin da ke kansa ya yi sako-sako ya fara zuza. Don haka, duk da son da nake wa Eudoxa, ba na ba mazaunin Arewa shawarar ya sa ta sai in ya ƙware kuma ya yarda da wahalarta. Zyex ko Obligato ko Amber za su ba ka kwanciyar hankali. A hunturu ka ajiye ɗan soso mai danshi a cikin robar da aka huhhuda, a aljihun akwatin, kada ya taɓa katako. Kada kuma ka bar bayolin a mota a rana.

Sai jabu. Na taɓa sayen wasu a intanet da farashinsu bai kai rabin na gaske ba, takarda sak, suna sak. Mako na uku naɗin A ya warware ya yanke ni a yatsa, muryar kuwa tun ranar farko ta ƙarfe ce. Kowane kamfani yana da launin zaren da yake naɗewa a ƙarshen tsirkiya, sama da ƙasa, kuma suna nuna shi a shafukansu, sai ka gwada da abin da ke hannunka. In arhar ta yi yawa, bar ta. Ka tabbatar kuma da girman: cikakken bayolin 4/4 ne, na yara 3/4 ko 1/2 ko 1/4, kowanne da tsirkiyarsa. Doguwar tsirkiya a kan ƙaramin bayolin ba ta samun jan da ya kamata.

Ɗaurawa

Ɗaya bayan ɗaya. Kada ka taɓa kwance huɗun a lokaci guda, domin nauyinsu ne yake riƙe da jaki da ginshiƙin ciki, babu gam a ko ɗaya. In ginshiƙin ya faɗi, sai mai gyara.

Zauna, ka shimfiɗa tawul a cinya. Kwance tsohuwar, ka goge wurin. Ɗauki fensir mai laushi, 2B ko fiye, ka goga bakinsa a 'yar tsagar jaki da kuma tsagar da ke can saman wuya inda tsirkiya take hawa. Baƙin fensir yana sa ta zame ba tare da naɗin ya kama ba. Tsagar jakin kada ta haɗiye tsirkiya, kusan kashi ɗaya cikin uku na kaurinta ne ya kamata ya shiga, sauran yana waje. In ta nutse, murya za ta toshe.

Maƙala ƙwallon a ƙasa. In bakin sukurun saiti ya yi wa tsirkiyar roba matsi, kada ka cusa da ƙarfi, a ɗan buɗa shi, in ba haka ba a nan za ta tsinke. Zura ɗaya ƙarshen a hudar sandar murɗawa, ya leƙo kaɗan, ka murɗa tsirkiyar ta bi ta saman sandar. Zagayen su jeru gefe da gefe suna nufar ɓangaren da hannunka yake, kada su hau juna, kada kuma su matse a bango. Kana murɗawa kana ɗan tura sandar ciki. Ka hau da ita a hankali har ta kai muryarta, kada ka zarce da sunan miƙar da ita, wannan yana kashe ta tun tana sabuwa. E takan zo da ɗan bututun roba: a kan jaki yake zama don kada ta yanka katakon, sai in dama an manna 'yar fata a wurin.

Bayan kowace tsirkiya, ɗaga bayolin ka dubi jaki ta gefe. Murɗawa tana jansa ya sunkuya gaba. Fuskarsa ta baya, mai kallon inda haɓa take, ita ce za ta tsaya cak a kan katako. In ya karkata, riƙe samansa da manyan yatsu da manuniya na hannu biyu, ka dawo da shi sannu-sannu.

Ba ta lokaci, sannan ka duba hannunka

Kada ka yanke wa sabuwar tsirkiya hukunci ranar farko. Ƙarfe yana zama kusan nan take, roba tana son kwana biyu zuwa mako guda, hanji yakan kai mako biyu. Dominant musamman tana da wata ƙarar ƙarfe-ƙarfe a kwanakin farko da take tsorata mutane, amma tana wucewa da kaɗawa. Bayan mako biyu, koma ɗaki ɗaya, ajiye waya wuri ɗaya, kaɗa abin da ka kaɗa a mataki na farko, ka saurari biyun a jere. Rubuta sunan tsirkiya da ranar da ka sa ta a 'yar takarda cikin akwati.

In har yanzu da sauran kaifi, gwada baka. Matsar da shi kaɗan daga jaki zuwa wajen baƙin allon yatsu, ka rage dannawa, ka bar nauyin hannu ya sauka da kansa, ka ƙara gudun ja. Rage ƙaro, shafa uku ko huɗu sun isa. Ƙaro mai duhu ya fi laushi da kamu, yana daɗi a hunturu, amma a zafin bazara yakan yi danƙo, sai ka koma mai haske. Izgar baka ma tana tsufa, in ta yi santsi har kana danna ta da ƙarfi kafin ta kama, a canza ta. Duk bayan kaɗawa ka goge tsirkiya da busasshen ƙyalle, kuma kada ka bari ko ɗigon sifirit ya taɓa fentin katakon. Tsoffin da ka cire, in ba su warware ba, naɗe su ka mayar cikin takardunsu ka ajiye a akwati. Sun riga sun miƙe, ranar da wata ta tsinke ana dab da fara kiɗa, su ne za su zauna a saiti nan take.